Kwamfutar Surukina Ta Gaji, Ni Kuma Ba Ni Da Bakin Faɗa

Anti Shatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni matashi ne a Daura, ina raba wa shaguna da gidajen unguwarmu intanet. Lokacin da na fara ba ni da halin sayen rauta ta kamfani, wato na'urar da ke karɓar data tana tura wa kowa rabonsa. Sai surukina, mahaifin matata Mardiyya, ya ba ni tsohuwar kwamfutar shagonsa na yadi. Na sa mata manhaja ta koma rauta, kuma ta yi mini aiki, ba zan ci amanarta ba.

Yanzu mutane sun yi yawa. Data ƙunshi-ƙunshi take tafiya, ita kuwa kwamfutar, baiwar Allah, ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, ta duba inda za shi, ta miƙa, sannan ta waiwayi na baya. Da la'asar, in kowa ya hau kiran bidiyo, sai ta fara zubar da wasu. Fuska ta daskare, murya ta kakkatse. Har wasu masu shaguna sun ce za su koma wurin wani.

Ga inda abin ya cakuɗe. Alhaji ya gaya wa duk 'yan majalisarsu cewa kwamfutarsa ce ke riƙe da intanet ɗin unguwa. Har baƙinsa na Baure yake turo mini su gan ta. Shi kansa yana ƙorafi in yana gaisawa da ƙanwarsa da ke Madina, sai dai hadari yake ɗora wa laifin. Ni kuwa tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Da wane baki zan ce kyautarsa ta gaza? Mardiyya ta ce ba ruwanta, dariya ma take yi mini. Wallahi abin yana ci mini rai.

Naki,
Mai Raba Intanet, Daura

Mai Raba Intanet, ina gaisuwa. Ni ma na dara, ka yi haƙuri.

Kunyar suruki tarbiyya ce, ban ce ka yar da ita ba. Amma waɗanda suka amince da aikinka su ma suna da haƙƙi a kanka.

Na tambayi masu wannan sana'a. Sun ce kafin ka yanke mata hukunci, ka gwada manhajar da ke kwasar ƙunshi da yawa a tashi ɗaya, kamar mai ɗiban ruwa da ya ajiye moɗa ya ɗauki bokiti. Wata kwamfutar ƙwaƙwalwarta ta fi ɗaya; in taka haka take, ka raba musu aikin. Ka duba katin netwok ɗin ma, wato ƙofar da data ke shiga da fita, don sau da yawa shi ne ragon. Gwajin kuma da la'asar za ka yi shi, ba da hantsi ba lokacin da kowa ke fama da ciniki.

In an yi duk wannan ba ta ɗauka ba, sayi sabuwa. Tsohuwar ka ba ta aiki mara nauyi, kamar tantance masu shiga, ta ci gaba da ƙyafta fitilarta.

Sai dai kada ka yi a ɓoye. Ba kai za ka faɗa ba, ai don irin wannan ake da aminai. Nemi aminin Alhaji ka yi masa bayani, shi ya kai saƙo cewa harkar da Alhaji ya dasa ta bunƙasa har ta fi ƙarfin na'ura ɗaya. Gaskiya ce, kuma yabo ne. Ɗan kasuwa ne, ya san shago yakan yi wa kaya kaɗan. Abin da zai ƙona masa rai shi ne ya ci gaba da bugun ƙirji a majalisa alhali kowa ya san an canja, sai shi kaɗai. Kada ka bari hakan ta faru da kakan 'ya'yanka.

Allah Ya buɗa kasuwa, Ya bar zumunci.

Anti Shatu