Babban Sito, Ƙaramin Tebur

Zuwa ga maigidana, Alhaji Ɗanlami, mai shagon adon silin a Tarauni.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi.

Ranar Asabar, a gaban masu sana'ar filasta na Tarauni, ka ce kwamfuta ta kasa, sassaƙa a allonta wasan yara ne, daga farkon wata in koma kwaɓa filasta. A gaban jama'a ka faɗa, shi ya sa na kawo amsata gaban jama'a a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa. Na san halin bakina, ka sha ja mini kunne a kansa. Zan yi ƙoƙari.

Na ɗaya. Babu wanda ya yarda da ni kafin kai. Ban yi jami'a ba. A waya na koyi aikin nan, a ƙofar gidanmu a Gyadi-Gyadi, ina fama da Turancin da rabinsa sai da ƙamus. Da na nuna maka furen silin da na sassaƙa a kwamfutar aro, ba ka yi dariya ba. Ka sa tabarau, ka ce in juya shi, ka ɗora yatsa kan ganyen da zai karye idan aka zo cirewa daga mazubi. Mutumin da bai taɓa kunna kwamfuta ba ya ga abin da ni ban gani ba. Har gobe ina ba da labarin nan.

Na biyu. Da ka yanke shawarar sayen laftof, surukinka ka aika, ni ko tambayata ba a yi ba. Ya dawo da wata siririya mai sheƙi, yana murna wai tana da wurin ajiya da yawa. Bai yi ƙarya ba. Amma ajiya daban, ram daban. Ram shi ne teburin da na'ura ke baza aiki a kai, nata kuwa bai fi faranti ba. Da na fara tsaga jijiyoyin ganye sai ta daskare. In ja layi, sai na gama tsaki yake fitowa. Fankarta ɗaya, bayanta kamar dutsen guga. Abin da ya makarar da aikin silin da aka ba mu na gidan nan a unguwar Hotoro ke nan. Na'urar rubuta takarda ce da kallon fim aka ba ni.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: kai ka fi kowa sanin wannan. Ina bayanka ranar da aka nuna maka shago mai ƙaton sito da ɗan lungun aiki, ka juya ko taya shi ba ka yi ba, don mai sana'a wurin baza hannu yake nema. Buhun filasta ba ya shiga shagonka sai ka murza garin a yatsa. Kayan aiki ɗaya tak da ba ka taɓa ba kafin a saya, shi ya ba mu kunya, aka kuma ɗora laifin a kan sana'ar.

Roƙona, kada ka aiki kowa. Mu je tare a musanya ta. Ba sabuwa nake nema ba. 'Yar kwatano ma ta isa, mai kauri, ko mummuna ce, in dai tana da ram mai yawa, inji mai ƙarfi, da fanka biyu. Zan tafi da furen Hotoro a filash, in ɗora mata, in yi ta juya shi a gabanka. Idan ta ɗan jima tana aiki, ka sa tafin hannunka a bayanta, yadda kake yi wa filasta ka ji ɗuminta lokacin da take kamawa. In hannunka bai yarda ba, mu bar musu kayansu. In ya yarda amma furen bai fito ba, da kaina zan ɗauki bokiti, kuma ba za ka ƙara jin bakina ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya raya zuriya, ya bar mana idon nan naka.

Wassalam.

Yaronka,
Nura, Gyadi-Gyadi.