Abin Da Za A Zana A Goshin Mama

Litinin, 20 ga Janairu

Na iso. Jirgin ƙasa ya zubar da ni a tsallaken tafki, ƙaramin jirgin ruwa ya ƙetaro da ni cikin baƙi masu rataye da kyamara. Mai karɓar tikiti ya dubi rigar sanyina ta birni ya miƙo mini taswirar ƙauye. Na ce masa, "Riƙe abarka. A bayan cocin can aka yanke mini cibiya."

Ƙauyenmu Grauwinkl na nan yadda na bar shi, manne a gindin dutse kamar kaska. Rana babu. Tun Nuwamba dutsen ya tare ta, sai farkon Fabrairu za ta leƙo. Baƙi sai cewa suke wai kamar a mafarki. Su yi sanyi ɗaya a ciki mu ji ƙarshen mafarkin.

Loisi ba ta sauko taryata ba. Ƙanwa guda da nake da ita a duniya. Ni kaɗai na ja akwati na hau matakalar nan, na same ta a bakin ƙofa da ɗankwali kamar tsohuwa, siket ɗame da fil. "Kin yi ƙiba, Burgi." Sannu da zuwana ke nan. Na ce cuku nake sayarwa a Vienna, ba tsintsiya ba.

Mama tana kan tagar kicin. Ƙoƙon kanta nake nufi, lulluɓe da farin ƙyalle. Ban buɗe ba.

Talata, 21 ga Janairu

A garin nan ko kabari aro ne. Maƙabarta kamar tafin hannu, dutse ta baya, ruwa ta gaba. Ka kwanta iya rabonka, a tono ka, a wanke kan, a zana maka suna da fure a goshi, a jera ka a ɗakin ƙasusuwa kusa da naka. An tono Mama tun kaka. Ferdl mai haƙa kabari, wanda shi ne kuma mai zanen, ya rantse ba zai taɓa buroshi ba sai 'ya'yanta biyu sun yi baki ɗaya kan furen. Abin da ya raba ni da rumfata ke nan, na bar wa Dragan maƙwabcina, mutumin da bai san bambancin cukun akuya da sabulu ba.

Loisi furen wardi take so. Wai wardi na ƙauna ne.

Dariya ta kusa shaƙe ni. Ƙauna. Ranar da na bar gidan nan, ina budurwa, akwatina a hannu, Mama na gyaran kifi. Na tsaya a ƙofa ina jiran ko da zagi ne. Ba ta juyo ba. Ta ce, "Rufe ƙofa, ɗumi na fita." Shi ke nan guzurina.

Na ce a zana mata ƙaya. Loisi ta ce ba ita ce ta yi jinyarta ba, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki? Na ce to ke aka so, ke kika biya, ciniki ya faɗa.

Abu ɗaya ke damuna. Baba ya fi shekara ashirin a ƙasa kafin a taɓa shi, Mama ko rabin haka da ƙyar ta yi. Na tambaya saurin me ake yi. Loisi ta ce, "Wuri ake bukata," ta tashi ta hau wanke kofin da ta riga ta wanke. In mai kaya ya cika sauri, akwai tsutsa a cukun. Zan gano.

Alhamis, 23 ga Janairu

Loisi ta ƙetare tafki tun safe, wai sayen zare. Ta dawo da yamma ba zare, ta haye gado da takalmi. Na yi romo da curin burodi irin na Mama, ta kai cokali biyu ta ture. Girkin birni bai yi mata ba, sarauniya.

Da tana can, na zauna ni da Mama. Na ɗage ƙyallen.

Ashe ƙarama ce. Kan da ya cika gidan nan da tsawa bai fi ƙullin cukun da nake yanka wa masu ƙaramin aljihu ba. Haƙorin zinariyarta na nan. Na faɗa mata duk abin da ke bakina, tun daga maganar ƙofa. Karon farko da na yi magana ba ta katse ni ba. Bai yi daɗin da na zata ba.

Jumma'a, 24 ga Janairu

Dusar ƙanƙara wuni guda. Tsakanina da Loisi, "miƙo gishiri."

Lahadi, 26 ga Janairu

Bayan coci na zaga maƙabarta, in ga wane mai gata ne aka tayar da Mama dominsa. Na ɗauka zan ga sabon gicciye da furanni. Katakai na gani a jere a bakin rami, ƙanƙara ta rufe rabinsu. Na tura ɗaya da ƙafa. Ba kowa a ciki.

Ferdl na share hanya da shebur. Ajinmu ɗaya da shi a makaranta, tun lokacin majina ba ta barin hancinsa, yanzu ta koma gashin baki. Ya ce, "A'a, Hajiyar cuku ta tuna da matattu." Na ce na tuna da rayayyu ma, irin waɗanda ke tono uwar mutane su bar rami yana hamma. Na tambaye shi wa ya mutu.

"Ba kowa."

"To na wane ne?"

Ya jingina da shebur ya ce na daɗe a birni har na manta. Ƙasar nan daga Disamba dutse ce, ko gatari ba ya cin ta. Shi ya sa tun kaka ake haƙa wa wanda ba a sa ran zai ga narkewar ƙanƙara. Na ce na sani, ba yau aka haife ni ba, wane tsohon ne? Na fara lissafo masa tsofaffin gari, ina raha. Bai yi dariya ba. Ya ce kabarin gidanku ne, Burgi. Ba a sa bare a ciki.

Mu biyu muka rage a gidanmu. Ni kuwa lafiyata ƙalau.

"Ita ta zo da ƙafarta ta ce in haƙa," in ji shi. "Har kofi ta kawo mini ina aikin."

Ni da nake ƙwanƙwasa cuku da ɗan yatsa in faɗi abin da ke cikinsa. Ni da ba a taɓa sayar mini da ruɓaɓɓen kaya ba. Ɗankwali a cikin ɗaki. Siket da aka ɗame da fil. Matakalar da ba ta sauka. Zaren ranar Alhamis. Duk an baje mini a faranti, ina can ina cinikin fure.

Litinin, 27 ga Janairu

Na tare ta a kicin. Ban yi kuka ba, masifa na yi, ita na iya.

Ba ta musa ba. Ta zare ɗankwalin ta ajiye a tebur, kai fes kamar ƙwai. A hanta abin yake, ya kuma bazu. Likitan tsallake ya ce maganin Alhamis na rage zafi ne kawai yanzu.

Na ce don me ba ta faɗa mini a waya ba. Ta ce, "Da na ce ba ni da lafiya, kuɗi za ki aiko da kwandon cuku. Da na ce za a sa wa Mama wardi, na san sai kin zo ki hana."

Ƙanwata. Wadda nake yi wa kallon ba ta iya sayen albasa ba a cuce ta ba. Ta san farashina tun ban buɗe baki ba.

Na ce to wardin fa, da gaske take ko tarko ne? Ta ce da gaske. Wai duk shekara, ranar da rana ke dawowa, Mama kan sa ta share ɗakina ta buɗe taga, ta ce ɗaki na wari in ba a buɗe shi. Sauran ɗakunan ba sa wari, sai nawa. Na ce wannan ba ƙauna ba ce, tsafta ce. Ta ce, "Yaya, ke da ita kamar an tsaga kara." Ba ta kira ni Yaya ba tun muna yara. Na tashi na hau wanke kofi.

Laraba, 29 ga Janairu

Na je wa Ferdl da kwalbar barasa da cuku mafi tsada da na zo da shi. Na ce ya cike ramin. Mutum na numfashi a bar masa kabari a buɗe, tana hango shi daga tagar bene, wane irin rashin ta-ido ne wannan?

Ya karɓi kwalbar, ya karɓi cukun, sannan ya nuna mini tulin ƙasar da ya fitar. Na sa ƙafa na shure shi, yatsana ne ya ji. Ya ce yadda ba ta haƙuwa haka ba ta cikuwa, sai ta narke. Na yi tayi sama da tayi. Ya ce, "Nan ba rumfarki ba ce."

Ɓarawo. Bai dawo da cukun ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Na raka ta sayen zare. A jirgi ta yi barci a kafaɗata. Ba nauyi ko kaɗan.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Rana ta dawo. Wajen tsakar rana ta leƙo ta tsagin dutse, ta taɓa kan coci, ta gangaro dandali. Gari duka ya fito kamar yadda aka saba, tsofaffi da kujerunsu, baƙi na ɗaukar hoton mutanen da suka rufe ido suka ɗaga fuska. Ni da Ferdl muka sauko da Loisi a kujera. Ta ce in kawo Mama ita ma ta sha, ƙashi ba ya yin fari sai da rana. Na rungumo ta a ƙyalle na ajiye a cinyar Loisi. Wata baƙuwa ta matso da kyamara, na yi mata kallon da nake yi wa masu taɓa kaya ba saye, ta ja da baya.

Ranar ba ta daɗe ba, dutse ya sake haɗiye ta. Gobe za ta ɗan ƙara.

Na ce wa Ferdl ya sa wardin. Jan fenti ne ya fi yawa a gwangwaninsa, kar ya bushe a banza, shi ke nan dalili.

Na buga wa Dragan na ce ya ci gaba da riƙe rumfa, hanya ba kyau. Hanya lafiyarta ƙalau. Na buɗe tagar ɗakina, da gaske yana wari.

Da yamma na bi ta maƙabarta, don ta nan ya fi kusa da gidan burodi. Katakon da na ture ranar nan yana nan a karkace. Na tsaya na leƙa ramin, yana nan baki buɗe yana jira. Na san irin wannan mai sayen, wanda ke tsayawa a bakin rumfa shiru, ya san kayan nasa ne ko ba jima ko ba daɗe. Na kuma san yadda ake shanya shi har ƙafarsa ta yi sanyi.

Na ce masa albarka, na mayar da katakon.