Hatimin Gidanmu

Litinin, 6 ga Oktoba, 1947
Shinkafa ta yi kyau bana. Na sake ba jikokina labarin Janar Kurahashi, ɗan garinmu, ranar da na kama shi a kan kanyarmu yana ɗan shekara bakwai, ya faɗo, wando ya tsage. Sun yi dariya har da shaƙewa. Yanzu yana can ƙasar Sin a tsare, ana yi masa shari'a. Wai sojojinsa sun karkashe mutanen wani gari a bakin kogi.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Heikichi mai gari ya zo da takardar nema wa Janar sassauci. Kowane gida zai buga hatiminsa, mu ne na ƙarshe. Ya ce, "Gwaggo Tsune, ke da kika san shi tun yana majina." Na ce, "Kai ma haka na san ka, har yau ba ta tsaya ba." Ya ce gidan da ya ware, babu mai taya shi dashe baɗi. Na ce ya dawo gata, hannuna duk dusa.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Ciwon ƙafata ya yi sauƙi. Na ci kifi biyu.

Asabar, 11 ga Oktoba
Muna shanya shinkafa da ɗana Genzo, wanda ya yi soja a ƙarƙashinsa. Na ce, "Ai ubangidanka bai ba da umarni ba, ko?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Bai ce a yi ba, Inna. Ya wuce mu a kan doki, ya gani, ya gyara safar hannunsa." Na ce mata fa? Ya ce har da masu goyo. Ban tambaye shi me nasa hannun ya yi ba. Tsoro na ji. Shekara biyu ina zolayarsa don ba ya cin kifin kogi, ban san abin da ya gani a wancan kogin ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Hatimi ya ɓace! Haka na gaya wa Heikichi, har na taya shi ɗaga tabarmi. Hatimin yana can inda na ɓoye shi, ƙasan randar da muke tsima kayan lambu, shi ya sa surukata Masae ta ce abincin yau da ɗanɗanon katako. Heikichi ya ce, "To dangwala yatsa mana." Na ce yatsa na ɓarawo ne da matacce, ni 'yar gidan mutunci ce. Ya tafi bai sha shayinsa ba. Dashen baɗi, mu uku ne ke nan. Ƙuguna zai faɗa mini.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Takarda ta tafi da gurbi guda fari. Matar maƙwabci ta daina gaishe ni, kunnena ya huta. Da safe na ajiye ƙoƙon shinkafa biyu a teburin magabata, inda muke ajiye wa mamatanmu abinci, maimakon ɗaya. Masae ta ce, "Inna, na biyun na wa?" Na ce tukunya ce ta yi yawa. Genzo ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya kunna turare. Mutanen garin nan na bakin kogi, ban san sunan ko ɗayansu ba.