'Yar Tocilar da Baba Ya Sake wa Ƙwai

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan gida sai godiya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, Auta ta koma makaranta, Kawu kuma yana nan da surutunsa.

Labarin Baba ne ya sa na ɗauki biro. Ka san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye ya rufe shagon gyaran rediyonsa, ya sa aka tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado, ya ce kada wanda ya ƙara yi masa zancensa. Likita ya sha cewa ya riƙa motsa hannun, amma Baba sai ya zauna a zaure yana kallon masu wucewa. Ko magana sai mun ja shi.

To, kwanakin baya babur ya take jar kazar Inna, alhali tana tsakiyar kwanci. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta ce tata kazar ma tana kwanci, a kawo ƙwan a sa mata, amma ba za ta iya rufe su duka ba, sai a zaɓi masu rai a bar baragurbi. Inna ta rasa yadda za ta gane su, ga shi suna ta hucewa a cikin zane. Sai na tuna da 'yar tocilar nan da ka aiko mini, mai rataye a jikin makulli. Muka shiga ɗakin ajiya muka rufe ƙofa, na kanga ta a jikin ƙwai, amma haskenta ja ne mai rauni, bai ratsa ɓawon ba. Inna ta fito tana share hawaye da bakin mayafi.

Ashe Baba yana jin mu. Ya ce in miƙo masa tocilar. Ya jujjuya ta da hannun hagu, ya ce jikinta lafiya lau, ƙwanta ne rago. Daga nan ya ce in jawo akwatin nan. Yaya, sai da na tsaya na dube shi, don na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Ya daka mini tsawa ya ce ko sai 'yan tsakin sun mutu zan motsa.

Ya sa na kwance wata tsohuwar fitilar caji da ta lalace, ya zaɓi ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayayenta masu farin haske don ya sa wa tocilar. Na jona masa ƙarfen narka dalma, ya riƙe da hagu. Ƙwan farko ya kawo haske sau ɗaya ya ƙone, don batir ya fi ƙarfinsa. Na zaci zai yi fushi ya ture kayan, sai na ji ya yi dariya, ya ce gaggawa ce ta ci shi. Ya tona akwati ya fito da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, ya ce shi ke rage wa wuta ƙarfi. Sai dai wayoyin sirara ne, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Inna ta durƙusa za ta riƙe masa, ya ce ta riƙe tocilar kawai. Da kansa ya ɗago hannun daman nan, ya ɗora shi bisa tebur, ya danne wayar da babban yatsa. Gumi na zuba a goshinsa har ya ɗiga dalmar.

Da ya kunna tocilar, sai da Kawu ya kare idonsa, ya ce yau ya ga abin mamaki, ƙwai zai binciki ƙwai. Muka rungumo Baba har ɗakin ajiya, shi ya riƙe tocilar. Gani ya kori ji, Yaya. Ƙwan kazar ya yi jawur kamar garwashi, ga jijiyoyi sirara sun bazu a ciki, ga wani ɗan baƙin abu yana motsi. Inna ta yi ta salati. Baba ya riƙa ware su ɗaya bayan ɗaya, wannan mai rai, wancan fanko, da muryar nan tasa ta shago da muka daɗe ba mu ji ba. Na kai masu ran gidan mai ɗinki da gudu. Shekaranjiya aka ƙyanƙyashe, biyu ne kawai ba su fito ba.

Ban ce Baba ya warke ba, hannun yana nan da nauyinsa, kuma ranar sai da ya kwanta don gajiya. Amma sannu ba ta hana zuwa. Na girma ina ganin mutane na yaba aikinsa, ban taɓa sanin abin da suke yabo ba sai ranar. Tocilar dai ta fi ƙarfina yanzu, Inna ta ɗaure ta a bakin zane, ta ce in gaya maka ka aiko mini da wata.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da Tagwaye, da 'yar lelen Inna mai sunanta. Gwaggo da Kawu da Auta duk suna gaishe ku. Na karanta wa Baba takardar nan, ya ce na cika ƙari kamar Kawu, sannan ya karɓi biron. Karkataccen layin da za ka gani a ƙarƙashin nawa, shi ya rubuta, kuma da dama.

Taka ƙanwa, mai bi maka.

Allah Ya yi maka albarka. Babanka.