Ƙarƙashin Kunnen Hagu

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan sai godiyar Allah.

Na koma takarda ne saboda waya ta gagare mu. Da na ce Baba sai ki fashe da kuka, ni ma in taya ki, a kashe ba a faɗi komai ba. To yau ki zauna ki karanta.

Kwana tara ke nan Baba yana ɗakin masu tsananin ciwo, inji ke yi masa numfashi. Kuma don Allah ki cire zargin nan daga ranki, ba mutuniyarki, matata, ce ta kawo mana annobar nan gida daga wajen aikinta na jinya ba. Sau biyu aka gwada ta, ba ta da komai. Baban naki ne, da dokar kulle da komai, ya saci jiki da jakar askinsa ya je ya gyara wa wani tsohon abokinsa fuska, wai ba zai bar mutum ya koma bunsuru yana kallo ba. Kin san hali zanen dutse ne.

Ita kuwa matar tawa, wata huɗu ke nan ba ta taka cikin gida ba. Ɗakin ajiya na baya ta share ta jefa katifa. In ta dawo daga asibiti, a bakin famfo take cire takalma, ta jiƙa kayanta a bokiti, ta yi wanka, ni kuma in ajiye mata abinci a ƙofa in ƙwanƙwasa in ja da baya. Hirarmu ta koma ta taga. Takunkumi ya ci mata karan hanci har ya yi gyambo. Awa goma sha biyu take yi cikin rigar leda tana juya manyan mutane, tana goge musu baki, ko ruwa ba ta sha don kada fitsari ya matsa mata. Ni da nake kukan ciwon baya in na yi wa mutum goma aski, wallahi yanzu kunyar kaina nake ji.

Kin tuna ranar da ta haska miki Baba a waya, kika ce wannan ba shi ba ne? Ƙasumbar ce ta rufe shi, mutumin da shekara hamsin bai taɓa wuce kwana biyu ba gyaran fuska ba. Maganarki ta tsaya mata a rai. Ba ita ke jinyarsa ba, doka ta hana mutum ya yi jinyar nasa, amma shugabarsu ta yarda ta riƙa shiga wajensa in ta tashi aiki. Shi ne ta ce in koya mata aski. Matsalar ita ce ana ba shi maganin tsinka jini, ɗan yanka kaɗan zai iya zama fitina.

Sai na yi mata yadda Baba ya yi mini ina yaro. Na hura balan-balan, na zana masa kunnuwa da haɓa, na shafe shi da kumfa, na miƙa mata ta taga tare da aska. Yaya, guda bakwai ta fasa a ranar farko, kumfa har gira. Na yi dariya har na riƙe ciki, dariyar da na manta yadda ake yi. Ta harare ni ta ce in huro na takwas.

Ki gaida kowa. Ki ci gaba da yi wa Baba addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗin saƙon da kika aiko wa mutuniyarki. Na ga ta karanta sau biyu.

Akwai mai daɗi, akwai marar daɗi. Mai daɗin, an cire wa Baba injin, da kansa yake numfashi. Marar daɗin, ya buɗe ido amma ba ya gane kowa. A kira shi, shiru. A ce ya matse hannu, shiru. Likita ya kira ni, bai ɓoye mini ba: ya ce wasu hankalinsu yakan dawo, wasu kuma jiki ne kawai ke tashi. Yau kwana shida. Dama an ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron a dawo mana da Baba, ya dube ni kamar baƙon da ya shigo shago.

Ita dai ba ta fasa ba. Bayan kwana biyar tana fama da balan-balan ta daina fasawa, sai ta shiga da aska da ruwan ɗumi. Ta ce kafin ta fara sai da ta nemi izininsa, ta ce masa yau sabon mai aski ne, ya yi haƙuri da hannu. Haka take yi wa dukkansu ashe, ko mutum bai san inda kansa yake ba sai ta gaishe shi, ta faɗa masa ranar da ake ciki da abin da za ta yi masa. Shekara goma sha biyu muna tare, sai yanzu na san wa nake aure.

Ta turo mini hotonsa, zan turo miki. Fuska ta fito tas, ko ƙwarzane babu. Amma ki duba ƙarƙashin kunnen hagu, daidai inda muƙamuƙi ya lanƙwasa. Gashi ne ta bari, bai fi faɗin farce ba. Kin san wurin. Shi ne wurin da nake mantawa tun ina koyo. Duk ranar da na yi wa Baba gyaran fuska, bai ma duba madubi, sai ya kai babban yatsa wurin ya shafa, ya ce shekara ashirin yana koya wa jaki karatu. To ga shi na koya wa matata aski har da kuskuren. Na zauna a cikin shagon da ba kowa, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Na yi mata gyara ta taga, na nuna mata yadda ake jan fata da yatsa. Ta ce to. Bayan kwana biyu ta sake yi masa, ta sake barin wurin. Na ƙyale ta, gajiya ce, wa zai ga laifinta.

Allah ya sa mu ji alheri.

Naki,
Auta

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya yara? Na san kin riga kin ji a waya, amma ihun da kika yi bai bar ni na ba ki labarin ba. Ga shi dalla-dalla.

Shekaranjiya da yamma, bayan ta tashi aiki, ta yi masa aski na huɗu. Ta goge masa fuska, tana haɗa kaya, sai ta ga hannunsa na motsi a kan zanen gado. Ta tsaya cak. Hannun ya taso a hankali, ya bi haɓa, ya bi kumatu, ya zagaya hagu. Da babban yatsan ya isa wurin sai ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Ta ce sai ta ga goshinsa ya tattare irin yadda muka sani. Muryarsa a dishe, sai da ta kai kunne kusa da bakinsa kafin ta ji.

“Wa ya bar Auta ya shigo nan? Har yanzu yaron nan bai iya aski ba.”

Ta ce abokan aikinta suka taru suna tambayar me ya ce, ita kuwa hawaye ya jiƙa mata takunkumin. Jiya ya tambaye ki, ya tambayi makullin shago, ya kuma ce abincinsu ba gishiri. Baba ya dawo, Yaya.

Da ta iso gida na tare ta a taga, ina ta cika baki, wai ashe kuskurena ne ya tashi Baba, sai a riƙa girmama ni. Ta bar ni na gama. Sannan ta shiga ɗakin ajiyar ta fito da balan-balan na ƙarshe da ta koya da shi, ya motse amma zanena na nan. Ta ce tun a kansa ta iya wurin, kuma tana yi wa wasu tsofaffi biyu a ɗakin, ba ta bar musu ko sili ɗaya ba.

“Na Baba kam, bari nake yi,” in ji ta.

Ta ce su ma'aikatan duka a can kamarsu ɗaya, ido kawai ake gani, murya ma takunkumi ya cinye ta, da me zai gane nasa? Amma ta lura majiyyaci in ya fara dawowa, fuskarsa yake fara taɓawa. Shekara goma sha biyu tana jin faɗan nan daga kicin. Sai ta ce bari ta ajiye masa ni a inda hannunsa zai same ni.

Na matso kusa da tagar. Na dafa gilashin, ta dafa ta ɗaya gefen, sai ta ce in matsa, abincinta na hucewa, gobe da sassafe akwai aiki.

Ta roƙe ni kada Baba ya sani, don haka ki riƙe bakinki, na san ki. Ya riga ya aiko cewa in tanadi balan-balan, in ya fito zai koma da ni farko. Na saya. Zan zauna in sha faɗan, kuma ranar da ya dawo kujerarsa, da gangan zan bar masa wurin.

Ki gaida maigidan da yara. In kin tashi yi wa Baba addu'a, ki fara da ita.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta