Ashe Babu Kowa a Bayan Gilashin

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na karanci aikin gyaran magana, wato taimakon yara da manya masu matsalar furuci. Ƙa'idarmu, bayan makaranta sai ka yi shekara guda kana aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre, ya shaida ya ga aikinka, sannan hukuma ta ba ka lasisi. Ni a hannun wata babbar ma'aikaciya na faɗa, Madam muke ce mata. Uwa na ɗauke ta, wallahi.

Ɗakin da nake ganin yara akwai wani gilashi a bango. Daga ciki madubi ne, amma wanda ke ɗakin baya yana ganinka sarai. Nan ya kamata Madam ta zauna tana kallona. Kullum in na tashi sai ta ce ta gani, na yi ƙoƙari, in ci gaba. Ni kuwa sakarya, in yaro ya furta sabuwar kalma har murmushi nake wa gilashin nan!

Akwai wata yarinya 'yar shekara huɗu da ba ta haɗa magana. Watanni ina fama da ita da hotuna da 'yan tsana, ba ci gaba. Na kai wa Madam kukana, ta ce tana lura, haƙuri kawai. Kwanan nan ƙwallon yarinyar ta gangara waje, na bi ta, sai na tura ƙofar ɗakin baya. Anti, kwalaye ne jibge a kan kujerar, ƙura ta rufe su. Mai shara ta ce rabon da a zauna a wurin har ta manta. Da na gane babu mai duba aikina, sai na kai yarinyar wurin mai gwajin ji. Ashe kunne ne, ba ta ji sosai. Da akwai mai kallona, da tun satin farko an gano.

Da na tunkari Madam, ko a jikinta. Wai aiki ya yi mata yawa, in kwantar da hankalina za ta sa mini hannu. In na karɓa, na sami lasisi a kan ƙarya. In na kai ƙara, shekarata na iya rushewa, ga Babanmu har ya fara gaya wa mutane na kusa gamawa. Uwar yarinyar kuwa har yau godiya take mini, na kasa haɗa ido da ita. Yaya zan yi?

Ƙanwarki da aka ci amanarta

*

Ƙanwata, sannu. Haushinki a kan hanya yake. Na yarda aiki na iya yi wa Madam yawa, amma yawan aiki bai sa mutum ya ce ya gani alhali bai gani ba. Da ta ce miki ba ta da lokaci, da kin nemi wani.

Fara da yarinyar. Ki zaunar da mahaifiyarta, ke da mai gwajin jin, ku gaya mata abin da aka gano da abin da za a yi yanzu. Kada ki ɗora wa kanki duka laifin. Saboda irin wannan kuskure aka ce a zauna a bayan sabon hannu. Amma daga yau, kowane yaro a gwada kunnensa tukuna.

Sa hannun nan kada ki karɓa. Koma wurin Madam cikin ladabi, ki ce kina so ta riƙa zama a cikin ɗakin, inda za ki gan ta, ko ta miƙa ki ga wani. In ta ƙi, je hukumar lasisi ki faɗi gaskiya, ki tambayi abin da za su ƙirga miki a cikin shekarar da kika yi. Ƙila a ƙara miki watanni, ba zan ɓoye miki ba. Ki gaya wa Baba da bakinki. Jinkirin zai ɓata masa rai, amma zai wuce.

Wata rana ke ma za a ba ki ɗaliba. Ranar, ki sauke kwalayen ki zauna a kujerar. Allah ya ba yarinyar lafiya, ke kuma ya ba ki lasisin da za ki rataya a bango ba tare da kin sunkuyar da kai ba.