Tsakuwa a Cikin Wake

Zuwa ga Innata a Getso,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya ƙafar Baba? Yaya Mato da iyalinsa, da matan zumunta? Ni lafiya lau nake a nan Ingila, sai sanyi, shi ma na fara sabawa.

Tsohuwar da nake kula da ita ce dai sai a hankali. Jiya ta watsa mini shayi a riga, wai hannuna ba tsabta. Kada ki damu, shayin ya riga ya huce. Inna, kin san bakina. Magana ta zo mini har wuya, amma na durƙusa na goge ƙasa, na haɗa mata wani. Sai da na shiga kicin na yi kuka, ga haushi ga godiya.

Na tuna ranar da aka yi mini baftisma. Na ɗauka zafin zuciyata ya bi ruwa, amma kafin la'asar na zagi maƙwabciyarmu Hajiya Sauda a kan akuyarta. Ba ki dake ni ba. Wake kika zubo mini a faifai, kika ce Almasihu ya sayi buhun gaba ɗaya, amma Ruhu Mai Tsarki ɗaya-ɗaya yake tsince tsakuwar. Shekara tara ke nan, sai jiya na gane. Na gode, Inna.

Roƙona ɗaya: ki shiga gidan Hajiya Sauda, ki kira ni, ki miƙa mata wayar in nemi gafararta. Wannan tsakuwar ta daɗe a faifai.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Rifkatu